Fedar da Ta Fara Wasa: A Gyara Ko a Jefar?

Mai tuƙa keken tsere yakan fara jin matsalar a tafin ƙafarsa tun kafin idonsa ya gan ta. Wani ɗan ƙas-ƙas ne da ke zuwa duk lokacin da ƙafar dama ta sauko, ko wani ɗan lilo kamar takalmin bai zauna daidai ba. In ya sauka ya kama fedar da hannu ya jijjiga, sai ya ji tana wasa a kan aksul ɗinta, wato sandar ƙarfen da take juyawa a kai. A nan masu keke suka rabu gida biyu. Wasu na cewa a kwance ta, a wanke, a sa giris, a mayar, za ta ƙara shekaru tana aiki. Wasu kuma na cewa abin da ke riƙe da ƙafar mutum a kan titi ba abin lallaɓawa ba ne, in ya fara tsufa a sayi sabo. Kowane ɓangare yana da hujjar da ba a ture ta da hannu ɗaya.

Fedar da ake magana a kanta ba irin shimfiɗaɗɗiyar fedar roba ta keken Raleigh ko Phoenix ba ce, wadda ake takawa da silifa ko da ƙafa tsirara. Wannan kama takalmi take yi. A tafin takalmin ana ɗaure wani ɗan maƙali na ƙarfe ko na roba mai tauri da kusoshi biyu ko uku. In an taka, sai wani baki mai sifirin ya cafke maƙalin, ƙafa da feda su zama abu ɗaya. In ana son fita, sai a murɗa diddige waje, bakin ya saki. Kamfanin Cinelli na Italiya ya fitar da irinta mai suna M71 a farkon shekarun 1970, amma ita sai mahayi ya sunkuya ya ja wani ɗan ƙarfe da hannu kafin ta sake shi, don haka ba ta yi farin jini a kan titi ba. Wadda ta canza al'amarin ta fito ne daga garin Nevers na Faransa a 1984, daga kamfanin Look, wanda dama ya saba ƙera abin da ke riƙe takalmin masu zamiya a kan ƙanƙara ya kuma sake shi in sun faɗi. Bernard Hinault ya ci gasar Tour de France ta 1985 da ita, nasararsa ta biyar ke nan, daga nan sauran 'yan tsere suka fara watsar da tsohuwar fedar mai ɗauri da fata. A 1990 Shimano na Japan ya kawo SPD, mai ƙaramin maƙalin ƙarfe da ke lumewa cikin tafin takalmi, har mutum ya iya sauka ya yi tafiya a ƙasa.

Abin da wannan tarihi ya haifar shi ne feda mai aiki biyu. Tana juyawa kamar kowace feda, sannan tana kamawa tana saki. Mahayin da ke juya ƙafa sau 90 a minti yana juya kowace feda sau 5,400 a awa ɗaya. In yana hawa awa 8 a mako, a shekara ya haura juyi miliyan 2, duk a kan 'yan ƙwayoyin boris da ba su kai ƙwayar gero biyu ba. Wannan tsufa iri ɗaya ne. Tsufan bakin da ke cafke maƙali iri ne daban, haɗarinsa ma daban. Yawancin gardamar da nake ji tana tasowa ne saboda ana cakuɗa su.

Bari a fara da masu cewa a jefar, domin hujjarsu ta farko ita ce mafi nauyi. Duk nauyin mahayi, in ya miƙe tsaye a kan keke yana hawan tudu ko yana rige-rigen ƙarshe, a kan sandar ƙarfe ɗaya yake, wadda aka ɗaure ta gefe ɗaya kawai. Ƙarfe yana gajiya. Tsagewar da ke kashe aksul takan fara ne siririya kamar gashi, sau da yawa a gindin zare ko a inda kaurinsa ya sauya, kuma ba ta yin ƙara kafin ranar da za ta ƙarasa. In aksul ya karye a lokacin da mutum ya danna da dukkan ƙarfinsa, ƙafa ƙasa take yi, keke ya kauce, mahayi ya sha titi, wataƙila a gaban mota. Ko sabon kaya bai tsira daga wannan ba: a 2008 an yi kiranyen dubban fedojin Keo na Look a Amurka saboda aksul ɗinsu na iya karyewa. Kamfanoni da dama da ke yin aksul da taitaniyam, don rage nauyi, sukan rubuta iyakar nauyin mahayin da zai hau. To, in ji masu wannan ra'ayi, in sabo ma sai da sharaɗi, me zai sa a dogara da wanda ya sha faɗuwa, ya sha dukan dutse, ya yi shekara goma a ƙarƙashin mutum? Giris ba ya warkar da ƙarfen da ya gaji.

Hujjarsu ta biyu ta kuɗi ce. Fedar Shimano M520, wadda ta cika duniya, farashinta a shagunan Turai bai wuce ladan aikin bakanike na awa guda ba, kuma a cikin kwalinta akwai sababbin maƙalai guda biyu, waɗanda in su kaɗai za a saya sai sun ci wani kaso mai kauri na kuɗin fedar. Mai shago a Landan ko Amsterdam da ya ce wa abokin cinikinsa "sayi sabuwa" ba cutarsa yake yi ba. Lissafi ne: in ya kwance ta ya gyara, kuɗin aikin zai kamo na sabuwar, kuma har yanzu tsohon baki da tsohon sifirin za a mayar wa mutum.

Ta uku ita ce kayan gyara ba sa jiran kowa. Look ya bar tsohon maƙalinsa na Delta ya koma Keo a 2004, kuma ɗaya ba ya shiga fedar ɗayan. Shimano ya taɓa yin tsarin SPD-R a ƙarshen shekarun 1990, ya watsar da shi ya kama SPD-SL. Da kamfanin Wahoo ya sayi kamfanin fedoji na Speedplay a 2019, wasu samfura irin su Frog sun bar kasuwa, masu su suka koma farautar ragowar maƙalai. Sababbin Speedplay da suka fito a 2021 ma an cire musu 'yar ƙofar da ake ɗura giris ta cikinta, aka ce boris ɗin a rufe yake, ba ya buƙatar a riƙa ciyar da shi. Mutum na iya ƙwarewa a gyara, amma in babu abin da zai saka, ƙwarewar ba ta da inda za ta zauna.

Duk wannan gaskiya ne. Sai dai masu gyara suna da tambayar da ta kamata a amsa kafin a kai feda bola: me ya lalace a cikinta? A mafi yawan lokuta amsar ita ce babu abin da ya lalace. Giris ne ya bushe ko ruwa ya wanke shi, ko ɗan notin da ke daidaita boris ya sassauta. Wasan da ya tsorata mahayi, wanda ya sa ya fara duba farashin sabuwa, bai fi a juya noti kwata ɗin zagaye ba.

Wanda bai taɓa buɗe fedar SPD ba zai yi mamakin sauƙin cikinta. Da farko a cire ta daga keke, da sifana mai lamba 15 ko alanki ta bayan aksul. A nan mutane da yawa suke fara ɓarna, domin fedar hagu zarenta a juye yake: ana kwance ta ne ta inda ake ɗaure sauran notuna. An yi haka ne da gangan, saboda yadda nauyin ƙafa ke zagaya aksul a cikin raminsa zai riƙa kwance ta a hankali in da zarenta irin na dama ne. Wanda ya manta ya dage da ƙarfi, zaren hannun feda na alminiyam zai cinye, ƙaramin aiki ya zama babba. Bayan an cire, akwai wani zobe a wuyan fedar da ke riƙe da aksul a ciki. A M520 na roba ne mai haƙora, yana son ɗan makullinsa na musamman mai suna TL-PD40, wanda shi ma roba ne mai araha. A fedojin Shimano M540 da XT zoben ƙarfe ne, sifana ta isa. A duba kibiyar da aka zana a jikinsa kafin a murɗa, don ɓangarorin biyu ba hanya ɗaya suke kwancewa ba. Da zoben ya saki, sai aksul ya zaro gaba ɗaya da kayansa: wani ɗan bututun ƙarfe, layi biyu na ƙananan boris masu kaurin 3/32 na inci, wato kimanin milimita 2.4, sai mazugin da ke danne su da notin da ke kulle mazugin.

In boris ɗin na sheƙi, ba su yi tsatsa ba, ba ma sai an wargaza su ba. A goge aksul da tsumma mai tsabta, a goge cikin jikin fedar, a zuba sabon giris a cikin ramin kamar kashi ɗaya cikin huɗu, a mayar da aksul a fara ɗaurewa a hankali. Yayin da yake shiga, sabon giris ba shi da hanyar fita sai ta cikin boris, sai ya turo tsohon baƙin giris ya fito ta wuya. A goge, an gama. In akwai wasa, kafin a mayar sai a riƙe mazugin da siririyar sifana mai lamba 10, a sassauta notin da mai lamba 7, a ɗan matsa mazugin, a sake kullewa. Wurin da ake son haƙuri ke nan. In an matse da yawa, boris zai riƙa tafiya da gargada yana cin hanyarsa. In an bari sakwa-sakwa, wasan na nan. Ana neman tsakiyar ne, inda aksul ke juyawa sumul a tsakanin yatsu ba tare da ya motsa gefe ba, kuma sau da yawa sai an kulle an kwance an sake kullewa kafin a dace, domin kulle notin kansa yakan ɗan ƙara matsi. Ina ganin wannan aikin na daga cikin mafi daɗi a gyaran keke. Hannu ne ke gane daidai, ba ido ba.

Akwai kuma wata hikima a wannan ƙira da masu cewa a jefar ba su cika ambata ba. Hanyar da boris ke bi ba a jikin fedar take ba, tana cikin wancan bututun da ke zarowa tare da aksul. Ke nan ko boris ya ci hanyarsa har ta yi ramuka, ana iya sayen aksul da kayansa gaba ɗaya a zura cikin tsohon jiki. Wanda ke tsoron gajiyar ƙarfe ma a nan ya sami amsa: sabon aksul ne, ba tsohon ba.

Su kansu kamfanonin, da dama daga cikinsu, da niyyar a gyara suka yi kayan. Crankbrothers na Kalifoniya, wanda ya fito da Eggbeater a 2001, yana sayar da ƙunshin kayan sabuntawa: rufaffen boris na waje, bushin na ciki, robobin hana ruwa, noti da murfi. Fedarsu ta fi ta Shimano son kulawa, wannan sananne ne, kuma wanda ya yi sakaci da irin wannan ƙira har boris na waje ya ruguje, jikin fedar na iya zamewa daga aksul yana manne da takalminsa. Amma wanda ke sabunta ta a kan lokaci zai daɗe da ita. Keo Blade ta Look ba ta da naɗaɗɗen sifirin, wani ɗan faifan kabon ne ke yin aikin, kuma ana cire shi a sa wani, har mutum ya zaɓi mai tauri ko mai laushi. Sai fedoji masu auna ƙarfin ƙafa, irin Assioma ta kamfanin Favero na Italiya ko Rally ta Garmin, waɗanda kuɗinsu ya kai ɗaruruwan daloli. Su na'urar a aksul take, jikin kuwa ana sayar da shi daban. Babu mai hankalin da zai jefar da irin wannan don boris ya fara ƙara. A nan hujjar araha ta faɗi warwas.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne yawan fedojin da ake ɗora wa laifin da ba nasu ba. Maƙalin takalmi an yi shi ne don ya cinye. Na Crankbrothers da na fedar Time ATAC da tagulla ake yin su, wadda ta fi ƙarfen feda laushi, don maƙalin ya mutu fedar ta rayu. Na keken titi roba ne, kuma kowane taku a kan kwalta ko tsakuwa yana rage shi. In ya cinye, ƙafa za ta yi lilo, za ta riƙa fita ba a so ba, ko ta ƙi fita a lokacin da ake so, kuma duk wannan a ƙafa ji ake kamar fedar ce. A takalmin SPD akwai ƙarin abu: tudun roba da ke gefe biyu na maƙali shi ke zama a kafaɗun feda, in ya goge sai takalmi ya riƙa karkata ko da feda da maƙali sababbi ne. Sannan kusoshin maƙali. In ɗaya ya sassauta ko ya faɗi, mahayi zai murɗa diddige, takalmi ya juya, maƙali ya tsaya cak a cikin feda, ƙafa ta ƙi fita. Mutane sun faɗi a bakin danja saboda ƙusa ɗaya. Alanki mai lamba 4 da ɗan giris a zaren ƙusa sun isa su hana wannan. Wanda zai sauya maƙali kuma ya lura da launi da lamba, don ba ado ba ne. A SPD-SL, rawaya yana barin ƙafa ta yi lilon digiri 6, shuɗi 2, ja babu ko ɗaya. A Keo, ja 9 ne, ruwan toka 4.5, baƙi sifili. A SPD, SH51 gefe kawai yake saki, SH56 kuwa yana saki ta fuskoki da yawa. Kafin a cire tsohon, a zagaye shi da biro a tafin takalmi, don sabon ya zauna inda gwiwa ta saba.

Hujjar kuɗi kuwa, ta Landan ce, ba ta ko'ina ba. Kekunan tsere da na hawan dutse da ke isowa Kano ko Kaduna ko Yamai, akasarinsu gwanjo ne daga Turai da Amurka, wasu da fedojinsu masu kama takalmi a jiki. Matasan da ke fita atisaye da asuba a kan waɗannan kekuna, a wurinsu sabuwar feda da dala ake sayenta, a ƙara kuɗin kawowa, a jira makonni. Ladan mai gyaran keke kuwa bai kai ko kusa da haka ba. Lissafin da ya sa mai shagon Turai ya ce a jefar, shi ne dai yake cewa a gyara in an kawo shi nan. Ga kuma jabu: Shimano da kansa ya sha gargaɗi a kan fedoji da maƙalan jabu da ake sayarwa ta intanet. Tsohuwar feda ta ainihi da aka wanke aka sa wa giris ta fi mini sabuwar da ban san inda aka ƙera ta ba. Araha ba ta ado, a nan kuwa har rauni takan jawo.

Amma yanayinmu yana da nasa sharaɗin. Ƙurar hunturu tana shiga duk inda iska ke shiga, kuma in ta haɗu da mai sai ta zama kamar toka da yashin da ake goge gindin tukunya da su, tana cin ƙarfe a kowane juyi. Don haka malala baƙin mai a kan sifirin da bakin feda, kamar yadda ake yi wa sarƙar keken kasuwa, ɓarna ce. Ɗigo ɗaya a mahaɗar sifirin, a goge ragowar, ya wadatar. Fetur yana busar da robobin hana ruwa. Ruwan matsi na masu wankin mota yana tura ruwa ya wuce robar ya zauna a cikin boris. Wanda ke hawa a irin wannan ƙura ko a taɓon damina ya kamata ya buɗe fedarsa fiye da yadda takardar kamfani ta tsara, domin takardar ba da hunturun Sahel aka rubuta ta ba.

Zuwa nan za a ga inda na karkata. Sai dai akwai inda nake rabuwa da masu gyara, kuma rabuwar ba ƙarama ba ce. Son gyara yakan zama taurin kai. Bakin da ke cafke maƙali ƙarfe ne da ke gugar ƙarfe, a hankali gefensa mai kaifi yakan zama kumbo, wani lokaci har ya yi rami. Jikin fedar titi, inda maƙali ke zama, yakan goge ta gefe ɗaya, ko da yake wasu kamfanoni sun sa farantin ƙarfe a wurin don rage hakan. In an sa sabon maƙali amma ƙafa ba ta daina lilo ba, ko tana fita da kanta, fedar ta gama aikinta. Abin da mutane ke yi a nan shi ne su ɗaure ƙusar sifirin har ƙarshe don ta riƙe. Wannan shi ne mafi munin magani. Bakin da ya cinye ba zai riƙe daidai ba komai matsin, abin da aka ƙara kawai shi ne wahalar fita a ranar da akuya ko ɗan acaɓa ya gitta. An sami feda mai saki lokacin da ba a so, mai riƙewa lokacin da ake neman tsira. Ko ba a faɗi ba, gwiwa na biyan bashin. Ƙafar da ke karkata kaɗan a kowane juyi, sau dubu biyar a awa, jijiyoyin gwiwa ne ke gyara karkatar, kuma ciwon da ke biyo baya ya fi kowace feda tsada.

Haka nan aksul da ya lanƙwashe. Ana gane shi a kan keke: tafin ƙafa zai riƙa jin wani ɗan murɗe-murɗe a kowane zagaye. In an cire fedar aka juya aksul da yatsu ana kallon bakinsa, za a ga yana zana da'ira maimakon ya tsaya wuri ɗaya. Masu gyaranmu gwanaye ne wajen miƙar da ƙarfe, kuma a cokali ko kariya wannan baiwa ce. A aksul ɗin feda kuwa bai kamata a yarda ba. Ƙarfe ne da aka gasa ya yi tauri, in ya lanƙwashe aka mayar da shi da guduma, ya riga ya raunana a wurin, in aka sa masa wuta kuma taurin ya tafi. Walda a bakin feda, ko goge shi da zarto don a dawo da kaifinsa, ko saka sifirin wani abu daban, duk layinsu ɗaya. A nan masu cewa a jefar sun fi gaskiya, kuma ba na jin kunyar tsayawa tare da su.

Akwai masu kawo hujjar muhalli, cewa kowace feda da aka gyara shara ce da aka rage. Haka ne, kuma yunƙurin gyara ya yi ƙarfi a Turai: Martine Postma ta fara taron Repair Café a Amsterdam a 2009, gwamnatin Faransa kuma ta biya wa jama'a Yuro 50 na gyaran keke a 2020. Amma M520 guda biyu gram 380 ne kacal. Ba zan ce wa kowa ya hau fedar da yake shakka a kanta don ceton duniya ba. Abin da ya fi ƙarfi a wannan hujja shi ne tasirinta a kasuwa. In masu saye suna tambayar kayan gyara, kamfanoni za su ci gaba da yin su. In kowa ya saba jefarwa, za a riƙa rufe feda da gam da ƙusar da ba ta kwancewa, har ranar da muhawarar za ta mutu don babu sauran abin da za a buɗe.

Shi ya sa nake ganin rabin hukuncin tun a ranar saye ake yanke shi. Tsarin SPD ya haura shekara 30 maƙalinsa bai sauya wani sauyin kirki ba, boris ɗinsa ƙwayoyi ne da ake samu, makullinsa ba shi da tsada. Wanda ke zaune nesa da shagon kayan keken tsere, wannan ya fi masa muhimmanci a kan 'yan giram da wata feda mai tsada za ta rage masa. Wanda kuma ya zaɓi mai rufaffen boris, ya sayi ƙunshin gyaranta tun tana sabuwa ya ajiye, tare da maƙalai na biyu, kafin samfurin ya bar kasuwa.

Wuri mafi wuya shi ne fedar gwanjo, domin ba ta zuwa da tarihinta. Ba a san nauyin wanda ya hau ta ba, ba a san sau nawa ta daki ƙasa ba. Abin da ake iya yi shi ne a karanta jikinta. Zurfin karce a gefen waje yana nuna faɗuwa mai ƙarfi. A zaro aksul a wanke shi tas, a duba shi a cikin hasken rana, musamman gindin zare da inda kauri ya sauya, a mirgina shi a ga ko a miƙe yake. A sa sabon maƙali a takalmi, a sassauta sifirin, a jingina da bango a shiga a fita sau da yawa a kowane gefe, a ji ko tana kamawa da ƙara mai tsabta, tana kuma saki a wuri ɗaya kowane lokaci. In ta ci wannan jarrabawa, zan sa mata giris in hau ta da natsuwa. In akwai tsatsa a aksul, ko tabon guduma, ko wani siririn layi da farce ke kamawa, sai a cire boris da robobi da sifirin a ajiye don wata fedar, a kai ragowar wurin masu sayen tsohon ƙarfe, kuma a raba aksul da jikin kafin a kai, don kada wani ya tsince ta ya ɗaura wa keken yaro.